Kunyoyin da ke Ƙarƙashin Teku

Ranar da na dawo, waɗanda na tarar a tsakar gida su ne Hajiya Fanta ta bakin kasuwa, da Gwaggo Yagana ƙanwar maigidana Malam, da Ladi mai gishirin Keana, da Maman Doose maƙwabciyarmu mai doya, sai 'yata Hauwa da mijinta Isiyaku, wanda ya ɗauko ni daga tasha. Malam yana ɗaki a kwance, an bar masa ƙofa a buɗe don ya ji. Na ambace su ne domin kowa a cikinsu ya ji labari da kunnensa a ranar, amma har yau in muka haɗu wajen suna ko ta'aziyya sai a ce, "Iya, yaya ƙasar Turawa?" Na gaji da maimaitawa. Ni ban yi boko ba. Hauwa ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Abin da na ba su dariya da shi yana ciki, wanda ban faɗa ba a ranar shi ma yana ciki.

Safiya, matar ɗana na fari, ita ce ta haihu a ƙasar Nowe. Mahaifiyarta ta rasu, babu mai yi mata wankan jego, shi ya sa aka ce in je. Wannan shi ne dalilin da gari ya sani. Amma akwai saƙon Malam. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ba ta fita masa sai da ƙyar. Ana gobe zan tafi ya kama bakin zanena da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Ki tambayo mini yaron nan yaushe zai dawo. Ba ziyara ba. Dawowa."

Na ce to. Malam ya san nauyin abin da ya ɗora mini. Yaron ɗana ne na fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, gari na ce masa Dokta, ni nakan ce Yayan Hauwa. Tun daga yaye kakarsa ta ɗauke shi. Ba na zama tabarma ɗaya da shi, ba na kallon ƙwayar idonsa, balle in tsare shi da tambaya. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka na tarar. 'Yan yanzu masu rungume ɗan fari a gaban jama'a, su suka sani.

Wahala ta fara tun daga Abuja, wajen neman biza. Injin da ke ɗaukar hoton yatsa ya ƙi ni. Yarinyar da ke wurin ta danna, ta goge, ta shafa mini mai, ta sake dannawa. Ta ce, "Mama, ina zanen hannunki ya tafi?" Na ce ya bi ƙuli-ƙuli cikin kasuwar Lafia, in tana so ta je ta tattaro. Da ƙyar injin ya karɓi babban yatsa da ɗan ƙaramin, aka ce ya isa.

Ranar tafiya Isiyaku ya raka ni a mota. A Akwanga masu ayaba suka cika mana taga, ban saya ba. A Mararraba muka shiga cunkoso har na ce masa mu juya, Allah bai yi ba. Ya ce, "Iya, jirgi ba motar Doma ba ce da za a ce a jira Hajiya." Mun dai isa. A filin jirgi wani ya turo mini keken marasa lafiya, wai Dokta ne ya ce a tanada. Na ce ya mayar wa mai shi, ƙafata lau. Sai da muka sauka a wata ƙasa ta tsakiya inda ake sake jirgi, na ga matakala tana tafiya da kanta tana haɗiye ƙarshenta, sannan na nemi keken da bakina.

A can Allah Ya haɗa ni da Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, za ta wajen 'yarta. Hausarta wata iri, kamar ta Maman Doose, namiji mace duk ɗaya, amma a wannan rana ta fi mini zuma. Ita ta kai ni makewayi. Babu buta, babu alamarta. Na buɗe jakar hannu na fito da tawa ta roba. Ta riƙe baki ta ce, "Wallahi kai tsohon matafiyi ne." Na ce wannan ne fitata ta farko, amma ban taɓa yarda da ɗakin wani ba. Muka rabu a bakin wata ƙofa, ban ko san unguwarsu ba. Allah Ya saka mata.

A bakin iyakar Nowe, kare suka sa ya tarbe ni. Ƙato, baƙi, da rigarsa. Ya zo ya ɗora hanci a kan jakata ya zauna. Na ɗaga mayafina sama ina salati. Wata ma'aikaciya ta buɗe kayan a kan tebur. Kilishin da Malam ya sa aka yi wa ɗansa musamman, shi ta fara ɗauka ta jefa cikin wani bokiti, nama ba ya shiga ƙasarsu. Kuka da kuɓewa busasshiya ta bari. Da ta kwance ƙullin daddawa sai ta ja da baya ta kira ɗan uwanta. Kanwa kuwa sun juya ta sun juya, har da ɗiga mata wani ruwa. Sai da aka kira Yayan Hauwa ta waya ya yi musu bayani da yarensu. Na tsaya ina jin muryarsa tana fitowa daga wayar, yare na gudu a bakinsa kamar a can aka yanke masa cibiya.

Da na fito na gan shi ya taho da hannuwa a buɗe. Saura kaɗan ya iso sai ya tuna, ya sauke su, ya durƙusa a nan tsakiyar Turawa ya ce, "Iya, barka da hanya." Na amsa ina duban takalminsa. Amma na riga na gani: furfura ta fito masa a gemu.

Garin nasu yana can ƙarshen arewa, a bakin teku, sunansa har yau bakina ya ƙi shi. Na isa da la'asar, na yi salla, na zauna jiran magariba. Na jira har gyangyaɗi ya ɗauke ni, na farka rana tana nan. Na sake jira. Safiya ta shigo ta same ni da carbi, ta ce, "Iya, ba ki kwanta ba?" Na ce ban yi magariba ba. Ta ce ai a wannan watan rana ba ta faɗuwa, da agogon Makka suke salla. Na ce to da sanyi fa? Ta ce sai ta tafi ta ƙi dawowa, wata da watanni. Ƙasar da rana ba ta san lokacinta ba, me za ka tambayi mutanenta?

Gidan na katako ne, da ɗumi, da tsabta. Suna cire takalmi a bakin ƙofa, wannan na yaba musu. Ban da shi, abin yabo kaɗan ne. Maƙwabcinsu tsoho, kullum ina ganinsa ta taga yana ban ruwan furanni. Na fita na ce masa sannu da aiki da hannu da baki, ya firgita har ya yar da butar. Safiya ta ce shekararsu nawa a nan bai taɓa shigowa gidan ba, kuma wai mutumin kirki ne. An yi haihuwa, babu wanda ya zo barka sai ta waya. Ragon suna a nan Lafia aka yanka, ku kuka ci, mu hoto muka gani. Yaron ya ci sunan Malam.

Ranar da na fi tsorata ita ce ranar da na leƙa na ga keken jariri a waje, cikin iska mai yanka kunne, babu kowa kusa. Na ɗauka an yar da ɗan wani. Na fita babu takalmi na ɗauko, sai na ga jikana ne. Safiya ta ce haka ake yi, barcin waje yana ƙara musu lafiya, likita ma ya ce. Na ce likitan ya kwantar da nasa. Muddin ina gidan, yaron a bayana ya yi barci.

Wankan jego na yi wa Safiya shi yadda ya samu. Babu ganyen darbejiya, babu itace, ruwan famfo ne mai zafi da tawul. Kunun kanwa kuwa ta sha shi har ta gode wa Allah. Abincinsu burodi ne mai sanyi da safe, burodi mai sanyi da rana, da wani cuku ruwan ƙasa mai zaƙi kamar alewar madara da ta lalace. Abu ɗaya ya ba ni dariya: wata rana a mota na hango rumfuna a bakin ruwa, Safiya ta ce a nan ake shanya kifi. Ashe busasshen kifin nan mai taurin itace da Ibo ke sayarwa a kasuwarmu, daga nan yake tasowa. Na ce lallai, shi ya san hanyar Lafia.

Kwanaki suna ta wucewa, saƙo yana nan a bakina. In Hauwa ta kira sai ta kara wa Malam waya, in ji numfashinsa, sannan ya ce, "Kin tambaya?" In ce ban samu wuri ba tukuna. Na gwada ta wajen Safiya, muna wanka. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, wannan maganar ta fi ƙarfina." Shi kuwa in ya dawo aiki sai ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina ya gaishe ni, in amsa, ya ɗan jira, in ɗan jira, ya tashi.

Saura kaɗan in taho sai ya ce wa Safiya ta gaya mini shugabarsa a wurin aiki tana so ta gan ni. Na je. Sunanta Ingirid, tsohuwa ce kamar ni, doguwa, fuskarta duk iska ta tsattsaga ta, wai rabin rayuwarta a jirgin ruwa ta yi shi. Ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ta kai ni wani ɗaki mai sanyi kamar na masu sayar da kifi, cike da dogayen bututai a jere. Ta jawo ɗaya, an tsaga shi biyu. Laka ce a ciki. Laka kawai, toka-toka. Na dubi Yayan Hauwa ta gefen ido. Shekara da shekaru muna cewa yana can yana babban aiki, ashe taɓo yake tarawa a firji.

Shi ya riƙa fassara. Ya ce daga ƙasan teku suke zaro ta. Ta nuna mini ƙasan bututun, laka mai tauri da tsakuwa a cakuɗe, ta ce wannan ƙanƙara ce ta danne ta. Sama da ita laka mai laushi da 'yan ƙananan bawon katantanwa, ta ce wannan bayan ƙanƙarar ta tashi ne, ruwa ya shigo, halittu suka dawo. Da bawon nan suke gane zamanin da abin ya faru. Na ce wace ƙanƙara? Ta yi dariya ta ce ɗanki ya fi ni iya wannan, ta bar mu a ofishinsa ta tafi.

Ya kunna wani babban allo kamar talabijin. Ya zauna yana kallonsa, ni ma ina kallonsa. Tun da na haife shi ba mu taɓa zama kusa haka ba, amma da yake akwai abin kallo, ya zo da sauƙi.

Ya ce shekaru dubbai da suka wuce, duk tekun nan da na gani babu shi, ƙanƙara ce. Ba irin ta cikin leda ba. Tudu guda, wanda in an ajiye duwatsun Eggon a gindinsa ba za a gan su ba. Ya ce teku yana da dakali: daga bakin gaɓa ruwan ba shi da zurfi sosai har tafiya mai nisa, sannan a faɗa rami. To a kan wannan dakalin ƙanƙarar ta zauna da nauyinta, cikinta a ƙasa, har bakin ramin. Da duniya ta fara ɗumi sai ta soma ja da baya. Jirginsu na ruwa yana aika ƙara zuwa ƙasan ruwa, ƙarar ta dawo, inji ya zana abin da ke can. Shi ne wannan.

Na duba. Gona na gani. Ga dogayen layuka kamar an ja garma, ya ce nan ne ta bi tana jan ciki. Ga kuma waɗansu a gicciye, tudu bayan tudu. Ya tsaya yana neman kalma, yana murza goshi, Hausa ta yi masa nisa. Can ya ce, "Kunya ce, Iya. Ƙasan tekun nan duk kunya ce."

Sai dai bai faɗe ta da muryar kunyar gona ba. Da muryar ɗayar ya faɗe ta, wadda ake ji a gaban suruki. Na ce, "Kunya," na gyara masa. Ya maimaita, ya sake faɗar ta farko. Ya ji da kansa, ya yi 'yar dariya. Ni ban yi ba.

Ya ce ba tafiya ɗaya ta yi ba. Takan ja baya ta sami wurin kafa gindi, ta tsaya, ta tara laka a gabanta, shi ne kunya guda. Sai ta saki, ta koma baya, ta sake tsayawa. Inda kunyoyin suke kusa da juna, a hankali ta tafi. Ya matsar da hoton zuwa wani wuri, fili fetal babu tudu ko ɗaya. Ya ce nan kuwa da gudu ta wuce. Wai suna son su gane dalili, domin akwai irinta a ƙarshen kudancin duniya yanzu haka, zaune a kan nata dakalin, in ta tashi ruwan da za ta saki har Legas sai ya taɓa.

Na ga wuri ya samu. Na ce, "Wannan aikin, saura yaya a gama?"

Ya taɓa wani abu, gonar ta ƙanƙance ta ƙanƙance, har ta koma kamar zare a kan shuɗin zane. Ya ce, "Wannan zaren shi muka duba. Shuɗin duka saura."

Na ce, "Ita ƙanƙarar, in ta ja baya, takan dawo inda ta bari?"

"Takan ɗan matso, Iya. A wasu wuraren mun ga alama. Ta ɗan jima, ta koma."

"Ba matsowa ba. Dawowa. Ta zauna."

Na ji ya sauke hannunsa daga kan tebur. Ya ce, "In ta riga ta saki inda ta kafe, bayanta kuma ya fi gabanta zurfi, ba ta samun wurin tsayawa. Ruwa ya ɗaga ta. Sai dai a wani zamanin, wanda babu ni, babu ku."

"Wani ne ya kore ta?"

"Babu wanda ya kore ta. Ruwa ne mai ɗan ɗumi yake shiga ta ƙarƙashi, a hankali. Daga sama ba a ganin komai."

Na ce Allah mai iko. Ya ce, "Iya," ya juyo gaba ɗaya yana dubana. Na ce sanyin ɗakin lakar nan ya shiga mini gwiwa, a mayar da ni gida.

Ranar tahowa ya haɗo kaya: magungunan Malam, da katifa mai hana gyambon kwanciya, da rigunan sanyi da babu inda za a sa su a Lafia. A filin jirgi ya durƙusa ya ce in gaya wa Baba zai zo hutu in jirginsu ya dawo daga teku, sati biyu ko uku. Na ce Allah Ya kawo shi lafiya. Safiya ta yi kuka. Na karɓi yaron na ɗan riƙe, na ce masa angona ya yi ƙoƙari ya koyi gaisuwa, na miƙa mata. A jirgi an zaunar da ni a bakin taga. Da muka hau kan teku na leƙa, ruwa ne kawai, lumui. Na ja murfin tagar.

To, wannan ranar a tsakar gida na ba su labarin kare da daddawa, da magaribar da ta ƙi zuwa. Ladi ta yi dariya har da hawaye. Maman Doose ta ce, "Dokta tana tara laka a firji? Ta zo Adogi mu ba ta kyauta." Gwaggo Yagana ta ce, "To yaushe ɗan namu zai dawo?" Na ce a zuba mini ruwa, maƙogwarona ya bushe. Daga ɗaki Malam bai yi ko tari ba. Da na shiga gaishe shi ya tambayi hanya, ya tambayi takwaransa, bai tambayi komai ba bayan wannan. Ni ma na bar shi ya kwana da abinsa.

Washegari bayan asuba na kai masa ruwan ɗumi na goge masa jiki, na ba shi koko. Sai da ya shanye na ce, "Malam, na tambaya."

Ya dube ni.

"Zai zo hutu."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Ya ce, "Ya rame?"

Na ce bai rame ba, furfura ce dai ta fito masa. Bakinsa ya motsa, ban san ko murmushi ba ne, tun da ciwon nan ba a ganewa. Can ya ce, "Terna. Lemo."

Na gane. Terna mutumin Tibi ne da ke noma gonar Malam ta Adogi, aro. Ya daɗe yana roƙon a bar shi ya dasa lemo, Malam yana hanawa, domin mai aron gona doya yake sawa da rogo, abin da za a tone a tashi. Ba ya dasa itace a gonar da mai ita ke hanya.

Na ɗauki mayafi, ban jira Isiyaku ba, na hau mashin. Na sami Terna a gona yana kafa wa doya sanda. Ya yar da adda ya taho yana murna, yana tambayar tsaraba. Na ce masa Malam ya ce ya dasa lemonsa.

Murnar ta ɗauke. Ya cire hula ya ce, "Mama, Dokta ba za ta zo ba?"

Na ce, "Ka dasa tun ƙasa na da laima."